Ingarman Yennenga: Asalin Bikin FESPACO da Alƙawarin da Ya Ɗauka Tun 1969

Ranar 1 ga Fabrairun 1969 aka buɗe wani ɗan taro a Wagadugu, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Makon Silimar Afirka aka raɗa masa, ko da yake sai da ya cinye mako biyu. Babu gasa, babu alƙalai, babu kyauta. Fina-finai ashirin da 'yan kai aka haska, daga ƙasashen Afirka biyar, Senegal da Nijar da Kodebuwa da Kamaru da ita mai masaukin baƙi, sai kuma Faransa da Holan daga Turai. An ƙiyasta mutum 10,000 ne suka kalla. Ita ƙasar da ta kira taron kuwa, a ranar ba ta taɓa shirya dogon fim ko guda ɗaya ba. Ba ta da ɗakin wanke fim, ba ta da makarantar koyon sana'ar, gidajen silimar da ke cikin garuruwanta ma ba nata ba ne.

Daga wannan ɗan taro FESPACO ya fito, bikin fina-finai mafi girma a nahiyar, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. Sunan taƙaitawa ce daga Faransanci, ma'anarsa bikin silima da talabijin na Afirka baki ɗaya a Wagadugu. An saba ba da labarinsa ta gefen shagali: sukuwar dawaki a filin wasa ranar buɗewa, manyan baƙi, kiɗa har asuba. Abin da ya fi damuna daban ne. Wace cuta aka kafa shi don ya warkar, kuma bayan shekara hamsin da ɗoriya ina aka kwana da ita?

Cutar da aka tarar

A 1934 Faransa ta kafa wata doka da ake kira da sunan ministanta na ƙasashen mulkin mallaka, Pierre Laval. Dokar ta ce ba wanda zai ɗauki fim a Afirkar Faransa sai da izinin gwamna, bayan an ga labarin an kuma san waɗanda za su fito a ciki. A takarda kowa ta shafa. A aikace ɗan ƙasa ta ɗaure. Shi ya sa a 1955, lokacin da Paulin Vieyra da abokansa ɗalibai 'yan Afirka suka so yin fim, a Paris suka ɗauke shi, a bakin kogin Seine, don ba a ba su damar yi a gida ba.

Da aka sami 'yancin kai a 1960 wannan takunkumin ya faɗi, aka fara aiki. Usman Sembene na Senegal ya fitar da gajeren fim a 1963, dogo a 1966, sannan a 1968 ya yi wani da harshen Wolof wanda ya ciyo kyauta a bikin Venis. A Nijar, Mustafa Alhassan yana zana hotuna da hannunsa yana motsa su, Umaru Ganda kuma yana shirin fitar da nasa na farko. Fina-finai dai sun samu. Wurin nuna su ne babu.

A nan ya kamata a tsaya a duba yadda kasuwar take, don wanda bai gane wannan ba ba zai gane FESPACO ba. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe dillancin fim a kusan duk ƙasashen Afirka rainon Faransa. Yawancin gidajen silima nasu ne, waɗanda ba nasu ba kuma a wurinsu suke haya. Hajarsu ita ce fim ɗin da ya riga ya mayar da kuɗinsa a Turai ko Amurka ko Indiya: na kaboyi, na 'yan sanda da ɓarayi, na rawa da waƙa. Suna saye da araha, su ɗora naɗin fim guda a hanya, daga Dakar zuwa Bamako, daga Abijan zuwa Wagadugu da Yamai, yana yawo har sai ya kakkarce, zare ya riƙa tsinkewa a tsakiyar kallo mai majigi yana liƙawa. Mai gidan silima mai zaman kansa ba ya zaɓen fim ɗaya ɗaya. A dunƙule ake ba shi, mai kyau da maras kyau, in ya ƙi a hana shi duka.

To ka kawo fim ɗin ɗan Afirka cikin wannan tsari. Sabo ne, da bashi a kansa, mai shi yana bukatar kaso mai tsoka daga kuɗin ƙofa kafin ya iya yin na biyu. Me zai sa dillali ya ba shi allo, alhali yana da tsohon kaya a rumbu wanda kusan kyauta ya same shi? Sai ya zama ana tafa wa fim ɗin Sembene a Turai, makwabcinsa a Dakar bai taɓa ganinsa ba. Tahar Cheriaa na Tunisiya, wanda ya kafa bikin fina-finai na Kartaj a 1966, ya sha nanata cewa wanda ya riƙe rarrabawa shi ya riƙe silima. Sembene kuwa makarantar dare yake kiran silima, wurin da wanda bai yi boko ba zai zauna ya ga rayuwarsa ya yi tunani a kanta. Makarantar tana nan, ɗalibai sun cika benci, amma allon yana hannun wani.

Waɗanda suka fara

Ba gwamnati ce ta fara ba, ba kuma daraktoci ba. 'Yan kallo ne. Akwai wata ƙungiyar masu sha'awar fim da ke haɗuwa a cibiyar al'adu ta Faransa da Volta a Wagadugu, wadda wani Bafaranshe mai suna Claude Prieux ke shugabanta. A cikin zaman da suke yi ne maganar ta taso: muna ta kallon na wasu, muna jin labarin namu a jarida, me zai hana mu aiko a kawo su? François Bassolet na cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin. Shugabancin kwamitin shirye-shirye kuma aka damƙa wa Alimata Salambere, wata matashiya ma'aikaciyar gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wadda ba ta kai shekara talatin ba. Daga baya ta riƙe babbar sakatariyar bikin, ta kuma zama ministar al'adu. Sembene ya zo da kansa, kuma tun daga nan har tsufansa bai yi wasa da zuwa Wagadugu ba. Ɗaki mai lamba 1 a otal ɗin Indépendance nasa ne duk lokacin biki, kowa ya sani, kuma a gefen tafkin wanka na otal ɗin ake zaman muhawarar da ta fi ta cikin zaure zafi.

Abu biyu nake so a riƙe daga wannan mafari. Na farko, ƙishirwar ɗan kallo ce ta haifi bikin, kafin a zo maganar kambu. Na biyu, tun ranar suna akwai hannun Faransa a ciki, ta wurin zama da ta wurin kuɗi. Wannan bai rage darajar abin da aka yi ba, amma zai biyo bikin har girmansa.

Janairun 1970

Wata goma sha ɗaya bayan makon farko, rigima ta ɓarke tsakanin gwamnatin Janar Sangule Lamizana da kamfanonin nan biyu a kan haraji da kuɗin tikiti. Kamfanonin sun saba in suka murtuke fuska gwamnati ta janye. Wannan karon ba ta janye ba. A Janairun 1970 ta ƙwace gidajen silimar ƙasar ta mayar da su na hukuma, ta kafa kamfanin SONAVOCI ya riƙa gudanar da su. Dillalan suka rama da abin da suke da shi, suka toshe mata hanyar samun fim. An sha wuya, sai da aka yi ta neman fim a wasu wurare, daga baya aka koma teburin sulhu. Amma gine-ginen ba su koma hannunsu ba.

A ganina wannan shi ne ainihin tushen FESPACO, fiye da makon 1969. Gine da Aljeriya sun riga sun yi irin haka, amma su an san su da tsaurin ido ga Faransa. Haute-Volta ƙasa ce matalauciya, ba ta da teku, 'ya'yanta ci-rani suke tafiya gonakin koko na Kodebuwa, kuma ba ta cikin masu ɗaga murya. Da ta yi abin da manyan makwabtanta suka kasa, masu shirya fim na nahiyar suka ɗauke ta tasu. Sannan ga amfani na zahiri: an ware wani kaso daga kuɗin tikiti don tallafa wa shirya fim a gida, kuma ta wannan hanya ƙasar ta sami dogon fim ɗinta na farko a 1972, na Mamadu Jim Kola. Kuɗin da talaka ya biya ya kalli kaboyi, shi ya dawo ya zama fim da fuskar ɗan'uwansa. Tsari ne mai sauƙin fahimta, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi dacewa da ƙasa maras ƙarfi ba.

Doka, doki da Umaru Ganda

An yi karo na biyu a 1970. Ranar 7 ga Janairun 1972 gwamnati ta fitar da doka ta mayar da bikin hukuma mai zaman kanta a ƙarƙashinta, da sunan FESPACO, aka kuma shigo da gasa. Babbar kyautar aka kira ta Ingarman Yennenga.

Ko zaɓen sunan ma darasi ne. A tarihin baka na Mosawa, ƙabila mafi yawa a Burkina, Yennenga gimbiya ce, 'yar sarkin Gambaga a arewacin Gana ta yau, gwanar hawa da harbi, wadda mahaifinta ya hana aure saboda amfaninta a fagen daga. Ta sulale a kan ingarma, ta haɗu da wani maharbi a daji, ta haifi ɗa aka sa masa Wedrawogo, ma'ana ingarma, kuma daga gare shi sarautun Mosi suka samo asali. Mutum-mutumin da ake miƙa wa wanda ya yi nasara siffarta ce: mace a kan doki ya yi tsaye da ƙafafun baya, mashi a hannunta a ɗage. Venis na da zaki, Balin na da beyar, Kan na da reshen dabino. Wagadugu ba ta aro ko ɗaya ba, ta shiga rumbun kakanninta ta ɗauko.

Wanda ya fara ɗaukar ingarman ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Rayuwar mutumin kanta fim ce. An haife shi a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana matashi aka kai shi yaƙin Indocina, ya dawo babu aiki, ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya gamu da shi ya sa shi a gaban kyamara, daga baya ya koma bayanta. Fim ɗin da ya ci kyautar labarin wani alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya sa kuɗi ya aure ta a kan matansa, abin ya ƙare da jini. Babu Bature a tsakiyar labarin. Gida ya kalla, ya faɗi abin da ya gani. Da alƙalan farko suka zaɓi wannan, sun nuna cewa bikin bai tsaya kan kukan mulkin mallaka kaɗai ba, har da duban ƙurar da ke cikin ɗaki. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, kuma har yau kyautar da FESPACO ke ba wanda ya yi dogon fim ɗinsa na farko sunansa take ɗauke da shi.

Bayan 1973 biki ya yi ta tangal-tangal, sai 1976, sai kuma 1979. Daga nan ne ya zauna a kan duk shekara biyu, a shekarun mara, wajen ƙarshen Fabrairu, Kartaj kuma a lokacin tana yin nata a shekarun cika.

Abin da aka ce za a yi

Manufofin da hukumar bikin ta rubuta wa kanta uku ne: a yaɗa fina-finan Afirka su kai ga masu kallo, a haɗa 'yan sana'ar su san juna su yi ciniki, sannan a raya silimar Afirka a kuma adana ta a matsayin hanyar faɗar ra'ayi da ilmantarwa da farkar da jama'a. Sharaɗin gasa kuma a lokacin shi ne darakta ya zama ɗan Afirka.

Ta biyun ita ce ta fi samun nasara, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Kafin Wagadugu, darakta daga Kamaru da takwaransa na Mali sai dai su haɗu a Paris, a layin ofishin da ke ba su tallafi. Ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, FEPACI, wadda aka kafa a Tunis a 1970, ta mayar da bikin dandalinta, a 1985 kuma hedikwatarta ta dawo Wagadugu ƙarƙashin daraktan Burkina Gaston Kabore. A 1976 aka buɗe makarantar koyon fim ta INAFEC a garin, inda darakta Idrisa Wedrawogo ya yi karatu. A 1983 aka ƙara kasuwar fim ta MICA a gefen bikin, don mai sayarwa da mai saye, musamman gidajen talabijin, su zauna wuri guda. A 1989 aka kafa ma'adanar fina-finan Afirka, saboda a lokacin asalin naɗin yawancin fina-finan nahiyar yana ajiye ne a ɗakunan wanki na Turai.

Ta farkon fa, wadda ita ce dalilin haihuwa? An gwada. Wajen ƙarshen shekarun 1970 ƙasashe goma sha huɗu rainon Faransa suka haɗu suka kafa kamfanin rarrabawa na bai ɗaya, CIDC, mai hedikwata a Wagadugu, ɗan Nijar Inusa Useini yana jagoranta. Hikimar a fili take, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kasuwar ƙasa guda ba ta isa ta mayar da kuɗin fim ba, amma ta ƙasashe goma sha huɗu za ta iya. Sai dai ƙasashen ba su daidaita harajinsu ba, kuɗin da ya kamata ya dawo asusu bai riƙa dawowa ba, kafin tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya durƙushe. Duk lokacin da na bi tarihin nan, a nan nake jin takaici ya fi kama ni. Wannan ce dama mafi kusa da aka samu ta warkar da cutar daga saiwarta, kuma ba COMACICO ce ta kashe ta ba.

Shekarun Sankara

Kyaftin Thomas Sankara ya hau mulki a Agustan 1983, bayan shekara guda ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso. Biki biyu kacal ya gani yana kan mulki, na 1985 da na 1987, amma su suka ba FESPACO kamannin da aka san shi da su. Ya fitar da shi daga zaure ya kai shi titi. Taken 1985 shi ne silima da 'yantar da al'umma, kuma a shekarar har baƙin biki aka kwasa suka je suka taya shimfiɗa layin dogo da hannu, aikin gayya da gwamnatinsa ta sa a gaba. A 1987 aka buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata na ƙetare da kyauta mai sunan Paul Robeson, mawaƙi kuma ɗan wasa baƙar fata na Amurka, aka kuma kafa hasumiyar Dandalin Masu Shirya Fim a tsakiyar gari, wadda aka yi ta da siffar gwangwanayen naɗin fim da idon kyamara an ɗora wani kan wani. A gindinta ake taruwa kowane biki da safe, a riƙe hannu a zagaya, a kira sunayen 'yan sana'ar da suka rasu.

Fim ɗin da ya ɗauki ingarma a 1987 ya shafe mu kai tsaye. Med Hondo na Muritaniya ne ya shirya shi, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899 lokacin da suke ƙone garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. Daga littafin marubucin Nijar Abdullahi Mamani aka ɗauko labarin. An shirya ɗaukarsa a Nijar, abin ya wargaje, Burkina ta ce a zo a yi a ƙasarta, 'yar ƙasar Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya. A Faransa fim ɗin bai daɗe a gidajen silima ba. A Wagadugu aka ɗaga shi sama. In ana neman misali guda na amfanin samun biki naka na kanka, da alƙalanka, to ga shi. Wata takwas bayan haka, ranar 15 ga Oktoban 1987, aka kashe Sankara.

Inda aka yi tuntuɓe

Gwamnatin Blaise Compaore ba ta yar da bikin ba, don ta ga amfaninsa wajen gyara sunanta a idon duniya. Ya ƙara girma, ya ƙara ƙyalli. A 1991 Idrisa Wedrawogo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya ɗauki ingarma, Gaston Kabore ya bi shi a 1997. Amma a daidai wannan lokaci ƙasa tana zaizayewa a ƙarƙashin ginin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin hayar fim da na kayan gyara suka ninka. Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu suka tilasta wa gwamnatoci cire hannu daga gidajen silima. Ga bidiyo ya shigo gidaje. Ɗaya bayan ɗaya gidajen silima na yankin suka koma coci, ko shago, ko rumbun ajiye kaya.

Sai maganar kuɗi. Kaso mai yawa na kuɗin bikin, da na fina-finan da ke gasa a cikinsa, daga waje yake zuwa: ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Tarayyar Turai. Ba na cikin masu cewa duk wanda ya karɓi wannan tallafi ya sayar da kansa, don da shi aka yi fina-finan da suka fi kowanne caccakar Faransa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kwamitin da zai karanta labarinka yana Paris, in a can za a wanke fim ɗin a haɗa shi, in mai sayensa na farko tashar talabijin ce ta Turai, sannu a hankali za ka fara rubutu da wancan mai kallon a zuciyarka ko ba ka yi niyya ba. Harshe ma ya zama katanga. Sai a 1989 wani daga ƙasa rainon Ingila ya ci babbar kyauta, Kwaw Ansah na Gana. Ɗan Najeriya kuwa sai a 2007, Newton Aduaka, shi ma mazaunin Faransa ne.

Babban tuntuɓen a wurina shi ne dokar milimita 35. Shekara da shekaru, fim ba ya shiga gasar ingarma sai an kawo shi a kan zaren silima mai faɗin milimita 35. Dogon fim guda a wannan tsari naɗi biyar ne ko shida a cikin gwangwanaye, nauyinsu ya kai na buhun hatsi ƙarami, kuma mayar da fim ɗin da aka ɗauka da bidiyo zuwa wannan zare aiki ne na dubban daloli masu yawa a ɗakin wanki na wata ƙasa. A daidai shekarun nan ne, daga wajen 1990, matasa a Akara da Legas da Kano suka ɗauki kyamarar bidiyo suka fara yin fim da harsunansu, suna sayarwa a kaset a kasuwa, ba tallafin kowa. Za a iya kushe ingancin da yawa daga ciki, kuma an kushe. Amma tambayar da aka yi a Wagadugu a 1969, yaya ɗan Afirka zai ga kansa a allo, su ne suka amsa ta ga miliyoyin mutane. Bikin da aka kafa domin wannan tambaya sai ya ajiye su a rukunin gefe na talabijin da bidiyo. A 2013 abin ya kai maƙura, aka cire wasu fina-finai daga gasa ana tsakiyar biki don ba su zo a kan zare ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Sai a 2015 aka karɓi fim na dijital a babbar gasa, aka kuma bar 'yan Afirka na ƙetare su nemi ingarma. An gyara, amma an yi asarar shekara ashirin da ya kamata a ce masu fasaha da masu kasuwa sun koyi abu daga juna.

Akwai kuma wani gibi da ba ya ɓoyuwa. Mace ce ta shugabanci kwamitin farko, mace ce a kan dokin da ake bayarwa, amma har bikin 2025 babu macen da ta taɓa ɗaukar ingarman zinariya. Apolline Traore ta Burkina ta kai ga na azurfa a 2023. A bikin cika shekara 50, a 2019, mata 'yan fim suka tashi a bainar jama'a suka faɗi irin cin zarafin da suke sha a cikin sana'ar.

Halin da ake ciki

Abin da ba za a ƙwace wa FESPACO ba shi ne naci. Ranar 1 ga Satumban 2009 ambaliya ta shiga ma'adanar fina-finai ta jiƙa naɗi masu yawa, aka bi su ana shanyawa ana gogewa. An kori Compaore a Oktoban 2014, bayan wata huɗu aka yi biki. An kai hari a tsakiyar Wagadugu a Janairun 2016 aka kashe mutum 30, a 2017 aka yi biki da sojoji a ƙofar kowane gidan kallo. Korona ta ture na 2021 zuwa Oktoba, amma an yi. An yi juyin mulki biyu a 2022, a Fabrairun 2023 aka buɗe kamar yadda aka saba. A 2025, kwana uku kafin buɗewa, Sulaiman Sise na Mali, wanda ya ɗauki ingarma sau biyu, a 1979 da 1983, kuma shi aka naɗa shugaban alƙalai, ya rasu a Bamako. Aka yi bikin da alhininsa, Dani Kuyate na Burkina ya ci, karo na uku ke nan da kyautar ta kwana a gida, bayan shekara 28. Sefa miliyan 20 ke tafiya da ingarman a 'yan shekarun nan, kuɗin da ba zai shirya ko rabin irin fim ɗin da ke cin sa ba.

A makon biki, gidajen silima na Sine Burkina da Sine Nerwaya cika suke yi maƙil, layi ya fito har bakin titi, babura jere a rana, ɗalibi da ɗan kasuwa da baƙo daga Turai a kujeru ɗaya. In ɗan wasa ya faɗi magana mai daɗi da Mosanci ko Jula, zaure ya ɗauki sowa kafin baƙo ya gama karanta fassarar da ke ƙasan allo. Wannan shi ne abin da su Alimata Salambere suka nema, kuma suna samunsa kwana takwas a cikin kowace shekara biyu. Ranar da aka rufe, fim ɗin da ya ci ingarma yakan kama hanyar bukukuwan Turai da Amurka, mutumin Bobo Julaso ko Maraɗi ko Tamale kuwa da wuya ya gan shi, sai dai in wani ya ɗora shi a intanet ba da izini ba.

Sababbin gidajen silima sun fara dawowa yankin. Daga cikin waɗanda aka gina a shekarun baya akwai jerin CanalOlympia, wanda kamfanin Vivendi na Faransa ya kafa, a Konakiri da Yamai da Dakar da Duwala da wasu biranen, kowanne da kujeru 300. Na Wagadugu an buɗe shi a Fabrairun 2017, dab da bikin shekarar, shekara 47 bayan Lamizana ya karɓe gidajen silima daga hannun COMACICO da SECMA. Sunan da aka sa masa Yennenga.